Inda Aka Kai Musa Mai Daro

Duk wanda ya zauna Ƙauran Namoda a shekarun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ya san Namadi mai rijiya, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai faffaɗan ƙirji da za ka tarar a bakin hanya ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗana a harshe. Allah ya jarabce shi da son sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. In ana haƙa masai a unguwa sai ya je ya leƙa. In 'yan kwangila sun yanka hanya za su sa kwalbati, yana nan tsaye a kansu har su gaji su ba shi wurin zama. Rijiyoyin da ya haƙa tsakanin Ƙaura da Kasuwar Daji da Kurya Madaro shi kansa bai san adadinsu ba, amma kowace ka ambata zai gaya maka gaba nawa aka yi kafin jan ƙasa ta ƙare a shiga marmara, da ranar da ruwa ya tsattsafo. Sunayen jikokinsa ne dai sai ya yi ta kame-kame, ya kira uku kafin ya dace.

Ba a Ƙaura aka haife shi ba. Akwai wani ƙauye da ake kira Tungar Daro, in ka bi hanyar Zurmi ka sauka, tafiyar kamar awa biyu a ƙafa. Yau gida talatin ne ko ƙasa da haka, amma a zamanin Turawa, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya iso Ƙaura, gari ne da ya tashi cikin rani ɗaya. An ce wani makiyayi ne ya ga ƙyalli a yashin rafi, kafin damina ta zagayo daji ya cika da bukkoki. Zabarmawa, Adarawa, Katsinawa, har da Nufawa, kowa da daronsa na wanke yashi, abin da ya ba wurin suna ke nan. Cikinsu akwai wani saurayi daga Katuru mai suna Musa, da matarsa Furera. Nan suka haifi Namadi. Yana da shekara uku sanƙarau ya shiga garin da bazara, ya kwashi mutane rututu, ya haɗa da Musa. Ba a daɗe ba zinariyar ta ja baya, yaƙin duniya kuma ya sa Turawa suka ɗebi majiya ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, gari ya watse kamar yadda ya taru.

Furera ba ta ga inda aka sa mijinta ba. Mace ba ta bin gawa, balle matar mamaci. Tana cikin bukka aka ɗauke shi, waɗanda suka kai shi kuwa kowa ya kama gabansa. Da ta fita takaba ta goya ɗanta ta taka har Ƙaura, ta kafa tandar waina a bakin tashar jirgi, da ita ta raine shi. Ɗan fari ne, tsakaninsu akwai kunya, ko sunansa ba ta kira, hirarsu kuma ba ta wuce gaisuwa da abin da ya zama dole. Tungar Daro kuwa ba ta sake taka ta ba.

Shi ya koma. Shekarar da aka sami mulkin kai, yana saurayi ɗan ashirin da biyu, ya riga ya iya riƙe dagi, ya wanke ƙafa ya tafi neman kabarin ubansa. Ya tarar wasu manoma daga wajen Zurmi sun zauna a kufan, sun kai shekara goma. Mai garinsu ya kama hannunsa ya kai shi yamma da rafi, bayan wani kangon dutse, ya nuna masa tuddai arba'in da 'yan kai a jere, kowanne ya miƙe kudu da arewa, yadda ake kwantar da Musulmi fuskarsa na duban gabas. Ya ce masa ga kusheyin masu zinariya nan, haka suka ishe su, ba su taɓa sa garma a wurin ba, ko akuya ba sa bari ta hau. Wanne ne na Musa? Wannan kuma sai Allah. Namadi ya yi ta zagaye har ya zo kan wani da aduwa ta tsiro a gefensa, ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zauna ya yi kukan da bai yi ba yana ɗan shekara uku. Daga ranar ya ce wannan ne.

Wannan tudun shi ne duk abin da ya mallaka na Musa a duniya. Shekara arba'in, duk bayan girbi, sai ya ajiye aiki ya tafi, ya share ciyawa, ya gyara duwatsun da ya jera, ya yi addu'a, ya dawo ya gaya wa Furera ya je.

To, mutum irin Namadi ba zai je wuri sau arba'in ya tsaya kan tudu ɗaya ba. Babu kangon da bai shiga ba, babu ramin da bai zura kai ba. Duk tsohon da ya ji an ce ya taɓa wanke yashi a can sai ya bi shi har gida, ko Shinkafi ne, ya tatse shi tas. A hankali ya zama shi ne littafin garin. Mutanen Tungar Daro da kansu, in baƙo ya yi tambaya, sai su ce ya bari sai mai rijiya ya zo.

Bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau abu biyu suka faɗo wa ƙauyen tare. Wani ofishi na sabuwar jiha ya turo ma'aikacinsa, wani matashi mai suna Kamaluddeen, ya zaga ya rubuta wuraren tarihi, don jiha sabuwa tana son ta nuna ita ma tana da nata tarihin. Sannan wani attajirin Shinkafi ya ɗauki alkawarin zagaye maƙabartar masu zinariya da katanga, a lokacin kowa na neman aikin lada, musamman wanda ido ke gani. Magina ba sa aiki sai da ruwa, rafin kuwa ya ƙafe. Sai Magaji, mai garin yanzu, ɗan wancan da ya nuna tuddan, ya aika a kira Namadi ya haƙa musu rijiya.

Ranar da ya iso da Gwadabe, abokin aikinsa mai jan guga da suka tsufa tare, ya tarar da Kamaluddeen na jiransa da littafi da biro. Namadi ya ji daɗi har kunne. Shekara nawa yana neman wanda zai saurare shi bai yi hamma ba!

Ya fara kai shi gidan Bature, kangon dutsen nan mai ɗaki uku, babu rufi, babu ƙyaure. Ya nuna masa murhun da aka gina a jikin bango, da hanyar hayaƙi har sama.

"Diba nan, Malam," in ji shi. "Ƙasar da kowa ka biɗar inuwa, shi wuta yag gina cikin ɗaki."

A kusurwa akwai akwatin ƙarfe mai kaurin bango, wanda aka ce nan zinariyar gari duka take kwana. Ƙofarsa ta tafi tun tuni, kajin Magaji ne ke ƙwai a ciki. Daga nan suka je dakalin awo, da 'yar tagarsa da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ta nan mai daro ke miƙa abin da ya samu, a auna da tsinken ashana, bai ga fuskar mai awon ba, hannu kawai yake gani. Suka gangara wani ƙaton kwarmin siminti mai matakala, inda ake wanke yashi in rafi ya janye. Can gefe wata jibgegiyar tukunyar ƙarfe ta kwanta cikin sabara, tsatsa ta cinye mata ciki.

"Baba, wannan fa?"

"Giwa ke nan. Ita ka tura ruwa bisa tudu. Shanu goma sha biyu sunka jawo ta daga tasha, in ji waɗanda sunka gani. Ni dai na shiga na auna, mutum huɗu na kwanciya ciki."

"Ka shiga ciki, Baba?"

"In ban shiga ba, wa ka gaya min abin da ac ciki?"

Kamaluddeen ya yi dariya ya rubuta. A ƙarshe suka tsaya kan tuddan. Matashin ya cire takalmi, ya yi addu'a, ya dubi tsawonsu ya ce kamar sun fi kabarin da ya saba gani.

"Annoba ta," in ji Namadi. "Biyu-biyu aka sa su, uku-uku. Ga ubana nan, gindin aduwa."

Wa zai yi gardama da ɗan mamaci? Kamaluddeen ya rubuta maƙabartar a sahun farko na littafinsa.

Kashegari da sassafe Namadi ya fita neman ruwa. Yamma da rafi dutse ne, bai ko ɓata lokaci ba. Ya haye gabas, cikin gonar Magaji, hayi mai jan ƙasa inda gero ke fin na kowa a ƙauyen. Ya ga kanya ta yi kore shar da bazara, ga suri a kusa da ita, ya ce nan ne. Fulani sun kafa shanunsu a gonar don taki, sai da aka kora su gefe. Ya yi bisimilla ya zana da'ira ya sa diga.

Tun yana gwiwa ƙasar ta fara ba shi mamaki. Ƙasar da ba a taɓa taɓawa ba hawa-hawa take, baƙa a sama, ja a ƙasa, kowace da iyakarta. Wannan a gauraye take, kuma tana bin dagi ba gardama. Ya murza, ya shinshina.

"An taɓa juya ƙasar ga," ya ce.

"Gona ta, dole a juya ta," in ji Gwadabe daga sama. "Cika guga, rana na yi."

"Garma ba ta kai nan."

Ya kai ƙugu sai dagi ya ce ƙwas. Ba ƙarar dutse ba ce. Ya ajiye dagin ya sa yatsu ya share. Bayan tukunyar ƙasa ne, an raba ta biyu an kife. Ya share gaba, ga wata, ga wata, a jere, kudu da arewa. Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a ƙasar nan ya san abin da ake rufewa da tsagin tukwane. Ya ɗaga guda ɗaya kaɗan, ya ga abin da ya gani, ya mayar a hankali. Ya fito, suka mayar da ƙasa shi da Gwadabe.

Wani zai ce tsautsayi ne, kabari ɗaya ne na wani matafiyi. Namadi ba ya barin tambaya a rataye. Ya yi taku goma ya gwada, ya sake yin goma ya gwada. Duk ƙasa ɗaya, duk ƙara ɗaya. Ya aika Gwadabe ya kira Magaji.

Magaji ya zo ya ji bayani, ya daɗe yana duban gonarsa. Ba mugun mutum ba ne, amma bakuna ashirin da wani abu ke ci daga wannan hayin.

"Namadi, mu da kai ba yau ba," ya ce a hankali. "Gonar ga ita ka ci da gidanmu tun tsoho na da rai. Ba mu sani ba, Allah ya sani ba mu sani ba. Matsa can gaba ka gina rijiyarka. Wa as sani?"

"Ni na sani, ranka shi daɗe."

"To, kai ma diba. In waɗanga na kusheyin masu zinariya, kai mi kaka ziyarta shekara arba'in?"

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya haye rafi ya nufi gindin aduwa, ya zauna inda ya saba zama. Karo na farko ya dubi wurin da idon mai rijiya, ba da idon maraya ba.

Komai yana nan a fili, kuma ba yau ya fara ganinsa ba. Kabari kansa yake lotsawa in ya tsufa. Waɗannan ba su lotsa ba, sai dai kowanne akwai ɗan kwari a gefensa, tsawonsu ɗaya. Ƙasar kabari ƙasar wurin ce, waɗannan kuwa farar tsakuwa ce da ba a samu sai an yi zurfi. Ga tsawo har gaba uku. Ya sha lura da kwarin nan, ya ce ruwan sama ne. Ya sha murza tsakuwar nan, ya watsar ya kama addu'a. Mutumin da zai gaya maka abin da ke gaba goma ƙarƙashin kasuwar Ƙaura ya yi shekara arba'in bai yarda ya karanta ƙasar da ke gaban gwiwarsa ba. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya, don in ya buɗe baki ba shi da sauran wurin da zai nuna ya ce ga ubansa.

Kuma yin shiru ba wuya. Magaji ya riƙe gonarsa, magina su yi katangarsu, littafin Kamaluddeen ya tafi Gusau yadda yake, shi kuma ya ci gaba da zuwa gindin aduwa har ya mutu. Ya kusa yarda da haka. Sai ya ɗaga kai ya hango shanun Fulani sun koma hayin, suna tattaka wurin da ya mayar da ƙasa ɗazu. Watakila Musa na ƙarƙashin kofatonsu, shi yana nan yana share wa tsakuwa ciyawa.

Bayan sallar la'asar ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗi komai gaban jama'a. Wuri ya kaure. Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa mai rijiya. Wasu suka ce iyayensu ba za su yi shekara hamsin suna tsaron banza ba. Wani ya ce ai shi da bakinsa ya gaya wa ma'aikacin gwamnati jiya. Limamin ƙauyen, Malam Na'ibi, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Abin da ag gona an gani, mutum biyu sun shaida," ya ce. "Saura na yamma. Ba a buɗe kushewa don son a sani. Sai da lalura, kuma sai da yardar mai ita. Lalura kam akwai, tunda katanga guda anka ba mu. Amma waɗanga bayin Allah ba su da kowa nan da za mu tambaya."

"Akwai guda da ɗanai ke tsaye gabanku," in ji Namadi. "A buɗe ta gindin aduwa. Ni ka ginawa da hannuna."

Gwadabe ya dube shi ya kau da kai.

Kashegari da hantsi gari duka ya taru, mata na leƙe daga bayan darni. Namadi ya kwashe duwatsun da ya jera da hannunsa tun yana saurayi, ya tara su gefe. Ya fara daga wajen ƙafa, a hankali, yana addu'a a zuci, shi kansa bai san wanne yake roƙo ba, ya samu ko kada ya samu. Tsakuwa ce fara har ƙasa. A ƙarƙashinta sai ga baƙar ƙasar sama kwance lafiya, ba a taɓa yanka ta ba. Babu ƙaramin rami, babu tukunya, babu itace. Tudun tari ne kawai da aka zuba a kan fili.

Ya koma kan ɗan kwarin da ke gefe ya sa diga. Nan ƙasa ta buɗe masa ba wahala, ya yi ta sauka har ya ɓace, Gwadabe na jan guga. A gaba ɗaya da rabi ya taras da farin dutse mai sawun diga a jikinsa, da wani ruɓaɓɓen daro da gindinsa ya fita. Ya miƙo daron sama, ya fito, ya zauna a bakin ramin yana haki.

"Ramun gwaji na," ya ce. "Jijiyar zinariya gabas da yamma tab bi. Mai biɗarta dole shi yanka ta kudu da arewa, shi zuba ƙasa gehe guda. Ruwa ya cike ramun, tarin ya tsaya. Wanda yaz zo baya yag ga tudu kudu da arewa, mi za shi cewa?"

"La ilaha illallahu," in ji Malam Na'ibi.

Kamaluddeen ya matso da littafinsa, ya tsuguna, ya rasa ta inda zai fara. "Baba, me zan rubuta?"

"Rubuta abin da kag gani. In an tambaye ka wa yab ba ka na shekaranjiya, ka ce ni na."

Magaji bai sa an roƙe shi ba. Ya tsaya gaban jama'a ya ce ya bar hayin, Allah ya yafe musu geron da suka ci, idonsa ya kawo ruwa, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Aka yanka masa wata gonar a bakin fadama, ba ta kai waccan ba. Namadi ya kwana goma sha ɗaya a ƙauyen yana bin hayin taku-taku da dagi, yana jin inda ƙasa ta yi laushi da inda ta yi tauri, yana kafa turaku don katanga ta haɗe kowa. Abin da ya lissafa ya haura ɗari biyu. Garma ta shafe su tun da daɗewa, babu tudu, babu dutse, babu itacen da mutum zai ce zuciyarsa ta kwanta da shi. Ya bi su duka da sallama, don bai san gaban wanne zai tsaya ba. Rijiyar kuwa ya haƙa ta a waje, ruwa ya zo a gaba bakwai.

Kafin ya bar garin labari ya kai Zurmi cewa tuddan yamma ba kaburbura ba ne, ramukan zinariya ne. Mutane suka zo da darurruka da buhuna. Wurin da akuya ba ta isa ta hau ba shekara hamsin, cikin mako ɗaya aka mai da shi kamar an yi sukuwar doki a gonar rogo. Aduwar ma an tumɓuke ta. Namadi ya wuce ta wurin ranar da zai tafi, ya tsaya, ya ɗebi tsakuwar ya murza, ya gaya musu wanda ya haƙa ramukan ya bar su ne don bai sami komai ba. Ba wanda ya saurare shi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi masa nauyi. Ya iso Ƙaura da safe. Furera na zaune a ƙofar ɗakinta, ta haura tamanin, ido ya yi rauni, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ya tsuguna nesa kaɗan yadda ya saba, ya gaishe ta.

"Kai ne? Ka daɗe wannan karon."

"Inna, na taho da magana mai nauyi."

Ya faɗa mata tun daga ƙarar dagi har daron da ya fito. Ya ce wurin da ya yi shekara arba'in yana ce mata ya je, ba kowa a ciki. Ya ce ta yafe masa. Hannunta bai daina ɓarar gyaɗa ba.

"Ina anka ishe su?"

"Gabas ga rahi, bisa hayi mai jan ƙasa."

"Can na," ta ce.

"Inna?"

"Can na. Bukkarmu bakin rahi take. Da sunka ɗauke shi ina jin salatinsu. Na ji ƙahwahunsu cikin yashi, sunka haye, muryoyin na ƙanƙancewa wajen da rana ka hitowa. Ina zaune ina bin su da kunne har nid daina ji."

Namadi ya ɗago kai. "To, Inna, randa nid dawo nic ce miki yamma, bayan gidan Bature, mi yas sa ba ki ce komi ba?"

"Kai ka tahi, maza sun nuna maka, ka gani da idonka. Ni ɗaka nike, kunne ɗai gare ni. Kuma ka shigo huskarka awa an yi maka albishir, ka samu uba. In ce maka mi?"

"Shekara arba'in, Inna."

"Ba ka tambaye ni ba."

Gaskiya ce. Ya tambayi tsofaffin Shinkafi, ya tambayi kango, ya tambayi ƙasa har da harshensa. Wadda ta san Musa tana zaune a tsakar gidansa duk tsawon shekarun nan, yana wuce ta da gaisuwa. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya ja jiki ya matso har bakin tabarmarta, kusancin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo.

"Inna, shi wane irin mutum na?"

Da farko ya zaci kunya za ta hana Furera amsawa. Sannan ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe, ta kakkaɓe zanenta.

"Gajere na, awa kai," ta ce. "Ga shegen tambaya. Zauna da kyau."